Hular Kwanon Fada Renner

Huluna arba'in da uku ne a ɗakin ƙasa na gidana, kuma duk na limaman soja ne. Wasu suna tara bindigogi, wasu takubba da lambobin yabo. Ni hular mutumin da ya shiga yaƙi ba ko wuƙa a jikinsa nake tarawa, shekara talatin ke nan, tun ina raba wasiƙu a garin Sheboygan na Amurka har na yi ritaya. Matata Marlys "coci" take kiran ɗakin. In na daɗe a ciki sai ta leƙo daga saman matakala ta ce, "Lee, an tashi daga sujadar ne, ko in rufe maka abincinka?"

Ina da hulunan yadi masu ɗan gicciyen azurfa a gefe, ina da masu baki a gaba na manyan hafsoshi, har da guda biyu na limaman Yahudawa. Amma hular kwano mai gicciyen fenti a goshi, wadda ta ga yaƙi da gaske, ita ce abin da kowannenmu masu tarawa yake mafarki. Tara cikin goma da za ka gani a kasuwa jabu ne. Wani ɗan iska ne ya zauna a garejinsa ya zana, ya goga mata ƙasa da ruwan gahawa, ya ce maka daga yaƙin Koriya take. Na tsani mutanen nan, kuma ba na ɓoyewa.

Tawa a watan Afrilu na same ta, a wata cocin Katolika da ke arewa da mu, wadda aka rufe don masu zuwa sun ƙare. An fito da tarkacen rumbu an baza a tebura a gaban gidan Fada, wato limamin cocin, ana sayarwa. Tsakanin tsofaffin fitilu da kujerun yara na hango ta, kore, ba alamar komai a jikinta. A madaurin ciki an rubuta RENNER da tawada. Tsohuwar da ke tsaron teburin ta ce ta Fada Aloysius Renner ce, ya rasu a 1994, kuma kowace shekara ranar tunawa da mazan jiya da ita yake zuwa maƙabarta ya yi addu'a.

Da na karkata ta a rana sai na ga abin. A goshin, ƙarƙashin koren fentin, akwai ɗan tudu, layi biyu sun gilma juna. Na yi ta kallonsa, har tsohuwar ta tambaye ni ko zan zauna.

A sana'armu mutane kashi biyu ne. Akwai masu cewa yadda ka sami abu haka za ka bar shi, ko ƙura kada ka share da ƙarfi. Akwai kuma masu cewa fentin da aka shafa daga baya rufi ne kawai, a cire shi ainihin abin ya fito. Shekara talatin ina cikin kashi na farko, har wa'azi nake yi wa mutane. Abokina Dewey Halvorsen, wanda muke raba tebur ɗaya da shi a duk bajekolin kayan soja, bai manta ba.

"Kada ka taɓa ta," in ji shi, ranar da ya zo gani.

"Dewey, gicciye ne a ƙasa. Na asali."

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Ba kai ne ka kusa cinye wani bawan Allah ɗanye a bajekolin Louisville ba don ya wanke hula da sabulu?"

"Wannan daban ne."

"Kullum naka daban ne, tsohon banza."

Na yi kwana uku ina kewaya ta. A na huɗu na ɗauko auduga da tsinke da sinadarin cire fenti da gilashin ƙara girma. Ko hotonta ban tsaya na ɗauka ba, ni da nake ɗaukar hoton kowane maɓalli kafin in taɓa shi. Na san dalili. Ba na son shaida.

Kwana goma sha tara na yi ina aikin, kaɗan kaɗan, wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba a lokaci guda, har wuyana ya sage. Gicciyen ya fito fari, ya ɗan ja zuwa ruwan madara, da hannu aka zana shi, ɓangaren hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Dewey ya zo ya daɗe yana kallo, hannu a aljihu.

"Shege," ya ce daga ƙarshe. "Ka ci."

Daɗin da na ji ranar, gara in faɗa, ban ji irinsa ba tun haihuwar 'yata. Na ba hular wuri a tsakiyar kanta, na sa mata fitila tata ita kaɗai. Sannan na yi abin da muka saba yi, na aika 'yar sanarwa a jaridar tsofaffin sojojin rundunarsa, cewa hular Fada Renner tana hannuna, duk wanda ya san shi ina son jin labarinsa.

A watan Yuni wayar ta zo, ina tsakiyar yankan ciyawa.

"Kai ne mai hular Fada?" Murya ce ta tsoho, amma da ƙarfinta.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Leland Brozek, ana ce mini Lee."

"Virgil Tollefson. Shekarata tamanin da bakwai, saboda haka kada ka katse ni, ba ni da lokacin maimaitawa."

Ya ce daga wani gidan kula da tsofaffi yake kira, kusa da Duluth. Shi ne mataimakin Fada Renner a Koriya, shi ke tuƙa masa motar jif, shi ke riƙe bindigar da Fada ba ya riƙewa. A lokacin sanyin 1951 aka harbe wani mai ba da magani a kusa da su, daidai kan jar alamar da ke hularsa. Virgil ya roƙi Fada ya rufe farin gicciyen nan, don daga nesa ake hango shi. Fada ya ƙi. Ya ce yaron da ke kwance cikin jini wannan gicciyen yake nema da ido, in babu shi ta yaya zai san wanda zai kira?

"Sai na jira ranar Lahadi," in ji Virgil. "Ya tuɓe hular ya ajiye a kujerar jif, yana jagorantar sujada, murfin injin ne teburinsa. Na ɗebi fentin mota na shafe gicciyen. Ko minti biyar ban yi ba."

Bayan kwana biyu aka yi musu ruwan wuta. Wani yaro ɗan jihar Iowa ya mutu yana kiran Fada, alhali Fada yana taku talatin daga gare shi, cikin mutane masu koren hula iri ɗaya. Waɗanda ke riƙe da yaron sun duba ba su gane Fada ba. Da labarin ya kai wa Fada, bai yi faɗa ba. Ya sa aka mayar da Virgil wata runduna a makon, ko sallama babu. Bayan yaƙi Virgil ya rubuta masa wasiƙa sau biyu, amsa ba ta zo ba.

"Ranar da na bar wurin hular tana nan kore," ya ce. "Abu ɗaya nake son sani, yaro. In ya kankare fentina, to ya tafi kabari yana fushi da ni, sai in haƙura. In kuwa ya bar shi, ya gane dalilina ke nan. Gicciyen a buɗe yake ko a rufe?"

Ina tsaye a kicin da ciyawa a takalmina. Ta ƙofar ɗakin ƙasa ina hango hasken fitilar da na sa wa hular.

"Baba, bari in kawo maka ita ka gani da idonka," na ce.

Tsoro ne ya sa na faɗi haka, ba ladabi ba.

Marlys ta gama jin komai tana bakin murhu. "Me ya hana ka faɗa masa?"

"In ce masa me? Ni ne na kankare?"

"Ba kai ba ne?"

"Ba zai yarda ba. Zai ga gicciye fari fat, ya ce tausayinsa na ji na ƙirƙiro labari. Ba ni da hoto, ba ni da komai."

"To wa ya hana ka ɗaukar hoton?" ta ce, ta juya ta ci gaba da soya albasarta.

Dewey kuwa da na kira shi, sai ya sassauta murya kamar wani na jin mu. "Mayar mata da fentin."

"Kai ne kake faɗin haka?"

"Ni ne. Wa ya fi mu sanin yadda 'yan jabu suke yi? Koren soja, ka bar shi ya bushe a rana, ka ɗan goga masa ƙasa. Mutumin shekararsa tamanin da bakwai, Lee, ba da gilashin ƙara girma zai duba ba. Kuma ai ba ƙarya za ka yi masa ba. A rufe ka same ta, a rufe za ka kai masa."

Maganar ta shige ni, ba zan musa ba. Na sayi ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi. Sau biyu ina buɗe murfin, sau biyu ina rufewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tsohon nan zai sa yatsa a kan fentin ya ɗauka nasa ne, ya yi kuka a kan aikin da na yi shekaranjiya a gareji. Amma ban yar da gwangwanin ba. Ranar tafiya na jefa shi a bayan mota kusa da kwalin hular, na yi tuƙin awa shida ina gardama da kaina.

Da azahar na isa. Wata ma'aikaciya ta kai ni zauren da suke zama, inda talabijin ke ta magana ba mai kallo. Virgil Tollefson yana kan keken guragu a bakin taga, dogon mutum da ya rame, manyan hannuwa, an taje masa gashi an sa masa riga mai guga. Ma'aikaciyar ta raɗa mini cewa tun safe ya ƙi cin abinci.

"Kai ne yaron?" ya ce. "Ashe kai ma ka kwana biyu."

"Sittin da shida, Baba."

"Jariri. Miƙo."

Na shirya maganata tun a hanya, daga garin Wausau, na so in faɗa kafin ya buɗe. "Baba, kafin ka duba, akwai abin da..."

Bai saurare ni ba. Ya ja kwalin kan cinyarsa ya ɗage murfin, ya yaye tawul ɗin da na naɗe ta da shi. Gicciyen ya fito a hasken taga, fari, tsaf, kamar jiya aka zana. Ban taɓa jin kunyar kyan abu ba sai ranar.

Ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ba ta motsa ba, kafaɗunsa ne kawai suka sauka.

"To," ya ce. "Shi ke nan. Na gode da ka sha hanya."

"Ba shi ya kankare ba. Ni ne."

Ya ɗago ido.

"A rufe na same ta. Ni na cire fentin, a watan Mayun nan, a ɗakin ƙasa na gidana. Haka wasunmu suke yi, don a ga alamar asali. Da ka kira ni kunya ce ta hana ni faɗa maka."

"Yaro," ya ce a hankali, "a gidan nan kullum ana yi mini irin wannan ƙaryar. Ka yi kyau yau, Mista Tollefson. Jininka ya sauka, Mista Tollefson. Ba na buƙatar taka a kai."

"Allah ya sani ba ƙarya nake yi ba."

"Ina hoton?"

"Ban ɗauka ba."

"Mai tara kaya bai ɗauki hoto ba." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To da me ka cire?"

Na gaya masa, auduga da tsinke da sinadari.

"Kwana nawa?"

"Goma sha tara."

"A nan na kama ka." Ya nuna ni da yatsa. "Fentin nan da fetur na tsinka shi, cikin sanyin da tofi ke daskarewa kafin ya kai ƙasa. Bai kama ba. Kafin in bar wurin ya fara ɓarewa, farin yana leƙowa. Da farce za ka cire shi kafin gahawarka ta huce. Kwana goma sha tara wai."

Raina ya ɗan ɓaci, don a duniya ba abin da na ƙi kamar a ce ban san aikina ba. "Ai ba shafi ɗaya ba ne, Baba. Da ɗaya ne da ban sha wahala ba. Huɗu ne."

"Huɗu?"

"Huɗu. Na sama kore ne mai duhu, mai sheƙi, irin na ƙofa. Ƙarƙashinsa wani mai haske, shi ma fentin gida ne. Na uku ya yi kauri, shi ya fi ba ni wuya, kwana takwas na yi a kansa ina zagin wanda ya shafa. Sai na can ƙasa, shi ne na soja, siriri, duk ya tsattsage. Har da gashin buroshi guda biyu manne a ciki, masu laushi, ba irin na buroshin fenti ba."

Ina cikin faɗa ne na ji abin da bakina yake faɗa. Kwana goma sha tara na yi hancina a kan fentin nan, ban taɓa tambayar kaina wa ya shafa ukun na sama ba, ko don me. Abin da ke ƙasa kawai nake hari.

Hannun Virgil ya sauka a kan hular.

"Buroshin askina ne," ya ce. "Zubar da gashi yake yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Baba, ƙofar gidan Fada," na ce. "Inda na sayi hular. A gabanta aka kafa teburin. Koren nan ne mai duhu, shi ne dai."

"Uku a kan fentina," ya ce.

"Uku."

"In ya fara ɓarewa sai ya sake shafawa."

"Ba zan iya rantsewa shi ne ba. Amma a hannunsa take har ya rasu, kuma kowace shekara da ita yake fita."

Ya juya fuskarsa wajen taga. Ban kalle shi ba, na tsura wa talabijin ido, ana tallar wata mota. Na ji yana jan hanci, na ji ya laluba aljihu ya ciro hankici. An daɗe a haka.

"Taurin kai gare shi kamar jaki," ya ce daga baya. "Wasiƙa biyu. Layi ɗaya ya gagare shi, amma yana da lokacin neman buroshi." Ya share ido. "Shekara arba'in yana rufe abin da ya kore ni a kansa."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin. Sai ya juyo ya dube ni, kuma ba kallon godiya ba ne.

"Kai kuma ka zauna ka goge shi tas."

"Na goge."

"Don me?"

"Don a ga gicciyen."

"Wa zai gani?"

"Ni," na ce. "Da Dewey, wani abokina."

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da ya zata ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ji ina cewa, "Akwai fenti a mota, Baba. Koren soja, da buroshi. In kana so in ɗauko, ka shafa da hannunka, ni in riƙe maka."

Ya dubi hular, ya bi gicciyen da babban yatsansa daga sama zuwa ƙasa.

"Nawa ka cire," ya ce. "Nasa ka cire. Wanda za mu shafa yau na wane ne?"



Ya mayar da tawul ɗin a kanta, ya rufe kwalin da kansa, ya tura mini shi da hannu biyu. Na ɗauka sallamata ya yi, na miƙe.

"Ina za ka? Zauna." Ya nuna kujerar da ke kusa da shi. "Duk duniya kai kaɗai ka gan su, kuma ba wanda zai sake gani. Faɗa mini launukan kuma. Daga sama zuwa ƙasa, kada ka yi sauri."

Na ajiye kwalin a ƙasa na zauna. Ya lumshe ido. Na fara daga koren ƙofa.